Kyanwar Lami: yadda aikin littafin Ummi ke tafiya

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Na buɗe wannan rubutu ne don in riƙa ajiye yadda aikin ke tafiya, kada in wayi gari na manta abin da ya sa na fara. Aikin shi ne littafin hotuna da Hausa, shafi 32, don 'yata Ummi da sa'o'inta.

Ummi ta shiga ajin share fage a watan jiya, a nan Lankasta, arewa maso yammacin Ingila. Duk Juma'a takan dawo da littafi ɗaya a jaka. Sati uku ke nan a jere tana zaɓo iri ɗaya: wata mata mai doguwar hula mai tsini, da baƙar riga, da tsintsiya mai sanda, da kyanwarta. Irin waɗannan littattafai sun cika laburaren ƙasar nan, wasu tun 1972 ake buga su, har iyayen da ke karanta wa 'ya'yansu yau su ma da su suka tashi. Matar ba muguwa ba ce. Mantuwa gare ta, takan haɗa surkullenta ya kwaɓe mata, kyanwar ta kwashi wahalar, a ƙarshe su sasanta. Ummi kan yi dariya har ta kwanta.

A gidanmu Hausa ake yi, don haka nakan duba Turancin in faɗa mata da Hausa. A shafin farko na tsaya cak. Kalmar da ƙamus zai miƙo mini ita ce mayya. Na buɗe baki, ta ƙi fitowa. Na ce "wata tsohuwa". Ummi ta ce a'a, ba tsohuwa ba ce, ta faɗi sunan da malamarsu ke faɗa, ta ce, "Mama, yaya ake cewa da Hausa?" Na ce ta bari sai gobe.

Asabar, 12 ga Oktoba

Goben ta zama mako guda. Na gwada "mai sihiri", Abban Ummi ya ɗaga kai daga kwamfutarsa ya ce ba ya son a saba wa yarinya da sihiri a matsayin abin dariya, alhali yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Gaskiyarsa. Na gwada "bokanya", ita ma ba ta zauna ba, domin bokanya sana'a take yi, ana zuwa wurinta da kuɗi. "Hatsabibiya" ta fi kusa, amma bakin ɗan shekara huɗu ba ya iya ɗaukar ta.

Dalilin da ya sa mayya ta maƙale mini a wuya na san shi. A layinmu a Kano, ina 'yar shekara bakwai ko takwas, akwai wata tsohuwa mai sayar da soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ita kaɗai take zaune, 'ya'yanta duk sun rasu, tana da baƙar mage. An hana mu karɓar komai daga hannunta. In za mu wuce ƙofarta mukan tofa yawu a ƙirji mu ce "kurwata kur", mu sheƙa da gudu. Ana cewa tana da ƙanƙara a ciki, wai in ta dubi yaro sai ta kama kurwarsa. Wata damina wani yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, yana sambatu, aka ce ya ambaci sunanta. Na ga lokacin da aka fito da ita. Ɗankwalinta ya faɗi a ƙofar zaure, ba wanda ya ɗauka. Aka tilasta mata ta tsallaka yaron sau uku, tana rantsuwa da Allah tana kuka. Yaron ya warke bayan an kai shi asibiti an yi masa allurar zazzaɓin cizon sauro, amma mutane suka ce tsallakawar ce.

Wannan ita ce mayya a kunnena. Ba zan iya ɗora kalmar a kan wata mata mai safa mai ratsi-ratsi da ke faɗowa daga tsintsiya ba, in kuma koya wa 'yata cewa kalma ce ta wasa, ta je hutu gida ta nuna wata tsohuwa da ita.

Na yanke shawara: ba zan fassara nasu ba, zan yi namu.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yau mun hau tudun da ke tsakiyar gari, mun shiga tsohon ginin dutsen nan da muke hange kullum daga tashar jirgin ƙasa. Kotu ne da kurkuku tun ɗaruruwan shekaru, sai a 2011 aka daina tsare fursunoni a ciki. Na je ne don ina son in san inda matar littattafan Ummi ta samo asali, sai ga shi asalin yana bayan gidana.

A watan Maris na 1612 wata budurwa mai suna Alizon Device, daga yankin tudun Pendle, ta haɗu da wani ɗan koli, John Law, a hanya kusa da garin Colne. Ta nemi ya ba ta fil, ya hana. Bai yi nisa ba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Yau da an ce hawan jini ne. A lokacin aka ce ita ce, ita ma yarinyar ta yarda ita ce, ta nemi gafararsa. Daga nan zare ya warware: aka kama kakarta, makauniyar tsohuwa da ake kira Demdike, da uwarta, da ɗan'uwanta, da wata tsohuwar da suke gaba da ita, da maƙwabta. Yawancinsu talakawa ne masu bara da ɗan ba da magani. Sarkin lokacin, James na ɗaya, da kansa ya rubuta littafi a kan maita a 1597, a zamaninsa kuma aka tsananta dokar a 1604, saboda haka duk alƙalin da ke neman shiga wurin sarki ya san abin da zai farauta.

Aka kulle su a ƙarƙashin wata hasumiya da ke da rijiya. Na leƙa wurin. Duhu ne da sanyi, bangon na tsattsafo da ruwa. Demdike a nan ta mutu kafin a yi shari'a. An yi shari'ar ranakun 18 da 19 ga Agusta, ranar 20 aka rataye mutum goma a kan tudun bayan gari.

Abin da ya hana ni cin abincin dare shi ne babbar mai ba da shaida. Jennet Device, ƙanwar Alizon, shekararta tara. Aka ɗora ta a kan tebur don kotu ta gan ta, ta ba da shaida a kan uwarta. Tun shigowar yarinyar uwar ta yi ta kururuwa har aka fitar da ita. Ina tsaye riƙe da hannun Ummi, sai na tuna yaron layinmu da sambatunsa. Can ma bakin yaro ne, nan ma bakin yaro.

Na tambayi mai zagayawa da mu batun kyanwa. A shari'ar Pendle karnuka aka fi ambata a matsayin aljanun da ke yi wa matan hidima. Kyanwar ta fi fitowa a wata shari'a da ta riga wannan, a Chelmsford a 1566, inda aka rataye Agnes Waterhouse. Kyanwar ma ba baƙa ba ce, fara ce mai ɗigo-ɗigo, ana ba ta burodi da madara, tana kwana a kwando. Wato tsohuwa mai zaman kaɗaici da dabbar da ke ɗebe mata kewa, shi ke nan abin da aka mai da hujja.

A 1735 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta daina hukunta mutum a kan maita, ta koma hukunta wanda ya yi da'awar yana da ita. Kusan shekara 290 ke nan. Sai da wuta ta mutu murus, toka ta huce, sannan jikokin jikoki suka ɗebi tokar suna zane da ita. Yau akwai motar bas da ke zirga-zirga tsakanin Burnley da Manchesta da hoton mace a kan tsintsiya a jikinta, a ƙauyen Roughlee kuma an kafa mutum-mutumin Alice Nutter, ɗaya daga cikin waɗanda aka rataye, a 2012, da sarƙa a hannunta. Su sun kai inda za su yi wasa da kalmar. Mu wutarmu da sauran garwashi.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Daren kabewa, wato bikin Halloween na mutanen nan. Tun ƙarfe biyar duhu ya rufe, saboda an mai da agogo baya ranar Lahadi. Yara sun yi ta buga ƙofa suna neman alawa, rabin 'yan matan da hula mai tsini. Mu ba ma fita, amma na ajiye minti a kwano don 'ya'yan maƙwabta. Ummi ta tsaya a taga tana ƙirga huluna, ta kai tara. Ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Inna, mahaifiyata, ce ta ba ni labarin littafin, ba tare da ta sani ba.

Mun yi waya da hoto bayan la'asar ɗinsu. Tana tsokanar Ummi kamar kullum, "Kishiyata, kin ƙwace mini miji kin gudu ƙasar sanyi." Ummi ta ɗaure fuska ta ɗaga hannu kamar za ta yaƙushe ta ta cikin waya. Inna ta yi dariya ta ce, "Ke tafi can, kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi."

Na ce, "Inna, wace ce Lamin nan ne wai?" Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya sani? Haka muka taso muka ji." Muna ajiye waya na ɗauko biro.

Karin maganar raini ce, ana faɗa wa wanda ba ya iya cutar da kowa. Ni kuwa abin da nake nema ke nan. Iya Lami tsohuwa ce mai soya gyaɗa, an haife ta ran Alhamis kamar yadda sunan ya nuna. Tana da baƙar kyanwa wadda ba ta cizo, ba ta yaƙushi. Kullum kyanwar kan fita yawo ta dawo da wani abin da ya ɓata. Ran farko ɗan tsako ne, ta ɗauko shi a baki a hankali, ko gashinsa bai tashi ba. Ran na biyu ɗan akuya ya biyo ta. Ran na uku takalmin liman ƙafa ɗaya. Kowane mai kaya sai ya zo ƙofar Iya Lami ya yi sallama ya karɓi abinsa, ta cika masa hannu da gyaɗa. Ran ƙarshe, ranar kasuwa, hazo ya rufe gari, wani yaro ya ɓace wa uwarsa, kyanwa ta kawo shi yana riƙe da wutsiyarta. Bayan kowace dawowa amshi ɗaya ne: "Kyanwar Lami, ba cizo, ba yaƙushi."

Ba maita, ba sihiri. Kyanwa kuma a wurinmu tana da gata tun asali. Sahabi Abu Huraira daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ya samo laƙabinsa. Hadisi ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, wani hadisin kuma ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Abban Ummi da ya ji labarin ya ce wannan kam ya sa hannu.

Asabar, 7 ga Disamba

Na koyi dalilin shafi 32. Maɗaba'a na buga shafuka da yawa a kan babbar takarda ɗaya, a naɗe a yanke, saboda haka adadin kan tafi takwas-takwas. In aka cire shafin suna da na bayanan ɗab'i da na sadaukarwa, abin da ya rage wa labari bai wuce buɗi goma sha biyu zuwa sha huɗu ba. Buɗi nake kiran shafi biyu masu kallon juna.

Na naɗe fararen takardu takwas na yi ɗan littafin gwaji, na rubuta da fensir. Rubutuna na farko kalma 900 ne da 'yan kai. Ya yi yawa ƙwarai. Na zauna da littattafan laburaren Ummi ina ƙirgawa, na ga wani shafin kalma biyar ce kawai, hoto ya ɗauki sauran. Na ga kuma dabarar da suke yi: tambaya a ƙarshen shafin dama, amsa sai an juya. Hannun yaro da kansa yake kai wa takardar. Na sare nawa ya dawo 340. "Me kyanwa ta kawo yau?" yanzu kullum a ƙasan shafin dama take.

Farkon da ƙarshen ba na taɓa su. "Ga ta nan, ga ta nanku" a shafin farko, an bar wa yaro fili ya amsa "Ta zo mu ji ta." A ƙarshe "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera", kuma a littafin kyanwa wannan rufewa ta zo daidai wurinta.

Asabar, 28 ga Disamba

Hutun makaranta, ruwa ba ya ɗaukewa, gari ya yi tsit. Na sami kwana shida a jere ina aikin hotuna.

Da ƙyalle nake yin su. Wata 'yar'uwa da ta dawo daga gida ta kawo mini leda cike da ragowar atamfa da shadda daga wurin telan Inna. Ina yankawa da ƙaramin almakashi, in manna da gam a kan kwali, in kai laburare in ɗauka da sikana. Zanin Iya Lami daga wata atamfa ce ruwan goro mai zanen ganye, ɗankwalinta shuɗi. Bangon gidaje takardar buhun siminti ce da na shafa wa jar ƙasa da ruwa, ta ba da launin ginin Kano sosai. Hazo kuwa farin gyale ne mai shara-shara na shimfiɗa a kan shafin gaba ɗaya, mutane suka koma inuwa-inuwa.

Kyanwar ce ta ba ni aiki. Baƙin yadi in ya shiga sikana sai ya zama rami kawai, ba kunne ba ƙafa. Na gwada uku. Wadda ta yi ita ce baƙar shadda mai sheƙi, saboda zanen saƙarta na kama haske, sai jikin ya fito kamar gashi. Idanu ƙwayar wuri biyu na fara sawa, suka ba ta kamar abin tsafi, na cire nan take. Yanzu 'yan ƙyallaye ne ruwan ɗorawa, da zare baƙi a tsakiya.

A nan ne na yanke shawara mafi nauyi a littafin. Kalmomin ba za su taɓa cewa ana gudun Iya Lami ba. Hoton ne zai faɗa. A buɗi na farko tana zaune da farantin gyaɗa a ƙofarta, duk ƙofofin layin a rufe, yara uku na leƙe daga bayan katanga, farantin a cike. Mai ɗan tsako in ta zo, daga bakin zaure take tsayawa, ta miƙo hannu daga nesa. Mai ɗan akuya ya sa ƙafa ɗaya ciki. Liman ya zauna a tabarma. A buɗi na ƙarshe zauren ya cika, farantin ya koma wayam, uwar yaron na ɗaura wa Iya ɗankwalinta da ya zame. Ɗan shekara huɗu zai ga kyanwa da gyaɗa. Uwar da ke karanta masa, in a irin layinmu ta tashi, za ta ga sauran.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Gwaji na farko a gaban mai littafin. Ummi ta zauna a cinyata, ta amsa "Ta zo mu ji ta" da ƙarfi, tun dawowa ta biyu ta kama amshin tana faɗa kafin in kai. Takalmin liman ya ba ta dariya. Da muka gama ta juya littafin baya da gaba, ta ce, "Mama, ba ta tashi sama ba."

Na ɗauko mata tsintsiyarmu ta gida daga bayan ƙofar kicin, wadda na zo da ita a akwati, na ce ta duba, tamu ba ta da sanda, ina za a zauna? Ta gwada, ta yarda. Amma fuskarta ta nuna an rage mata wani abu, kuma na fahimce ta. Abin da yara ke so a waɗancan littattafai ba surkullen ba ne, wannan lokacin ne da ƙafa ke barin ƙasa, gari ya koma ƙanana a ƙarƙashinka.

Na ƙara buɗi ɗaya babu kalma ko ɗaya. Dare ne, farin wata, kyanwa ta yi tsalle daga zankon wani soro zuwa wani, jikinta a miƙe daga shafin hagu har na dama, a ƙasa ga rufin kwano da bishiyar darbejiya da hasumiyar masallaci. Da na nuna mata ta buga tafi ta ce, "Ta tashi!" Don in sami gurbinsa sai na haɗe zuwan mai ɗan akuya da na liman a wuri ɗaya. Ban so ba, domin takun da kowa ke yi zuwa cikin zauren ya ɗan yi sauri yanzu. Zan sake dubawa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Muhawarar suna. Ni na tashi da mage, Abban Ummi mutumin Sakkwato ne, mussa yake cewa, wata ƙawata kuma ta ce su kuliya suka sani. Karin maganar ta raba gardama, kyanwa ta ce, kyanwa za ta zauna. Amma na ba kowane baƙo bakinsa: mai ɗan tsako ta ce "magen nan", liman ya ce "mussar ga". Yaran da ke tasowa a nan Hausar gidansu kaɗai suke ji, gara su san tana da faɗi.

Sai haruffa. Yawancin samfuran rubutu masu kyan gani na littattafan yara ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Kana bugawa sai harafin ya fito da wani salo daban kamar baƙo a tsakiyar kalma. Ba zan rubuta "dan tsako" da "kofa" in bar yaro ya yi ta lalube ba, mai koyon karatu abin da ya gani shi yake furtawa. Na sami Andika, wanda ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna ta tsara musamman don masu koyon karatu, kyauta ne, yana da duk masu ƙugiyar, harafin a ɗinsa kuma irin wanda yaro ke rubutawa da hannu ne.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Raina ya ɓaci yau. Na karɓo kwafin gwaji daga wani shagon ɗab'i, na biya kuɗina, ban buɗe ba sai a cikin bas. Duk inda ƙ take akwati ne fanko. "Ƙurunƙus" ya zama akwati, urun, akwati, us. Wani ma'aikacinsu ya ga samfurin haruffana ba ya cikin na'urarsu, ya musanya da nasu bai tambaye ni ba. Da na koma ya ce ya ɗauka datti ne a jikin haruffan. Na zauna na nuna masa bambancin ƙofa da kofa a takarda, na ce wannan ƙugiyar ita ce kalmar. Sun yarda za su sake bugawa, ni kuma na koyi in riƙa kulle haruffan a cikin fayil kafin in aika.

Wasu gyare-gyaren nawa ne. Ban bar rarar milimita 3 a gefuna ba, wuƙar yanka ta cinye kan hasumiya. Jar ƙasar bangon ta yi duhu a takarda fiye da yadda take a allon kwamfuta. Wutsiyar kyanwa a shafin tsalle ta faɗa daidai tsakiyar ɗinki ta ɓace.

Alhamis, 6 ga Maris

Makon farko na azumi, kuma yau ce ranar littafi a makarantun ƙasar nan, Alhamis ta farko a watan Maris, inda kowane yaro ke shigar wani da ke cikin littafin da yake so. Tun sati biyu Ummi ta ce ita Iya Lami za ta zama. Bayan sahur na ɗaura mata zani ruwan goro daga ragowar atamfar, da shuɗin ɗankwali, na ba ta faranti da 'yar kyanwar tsumma. Gyaɗar ta takarda ce na murza, don ba a shiga da gyaɗa makarantarsu saboda yaran da jikinsu ba ya karɓar ta.

A bakin ƙofa akwai masu hula mai tsini har huɗu. Ɗaya ta tambaye ta ita wace ce. Ummi ta ɗaga kwafin gwajin da aka gyara ta ce da Hausa, "Iya Lami," ta ƙara da Turanci cewa kyanwarta ba ta cizo. Malamar ta roƙe ni in tsaya in karanta wa ajin. Yara kusan talatin, ba mai jin Hausa sai ɗaya, amma kafin dawowa ta uku duk suna cewa "ba cizo, ba yaƙushi", ƙ ɗin na fita yadda ta ga dama. Wani yaro mai jan gashi ya ɗaga hannu ya tambaya me ya sa a farko ba wanda ke sayen gyaɗarta. Ban shirya wa tambayar daga ɗan shekara biyar ba. Na ce ba su san ta ba tukuna.

Asabar, 12 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Na aika wa Inna hotunan shafukan ɗaya bayan ɗaya ta WhatsApp, ban yi mata wani bayani ba. Kwana biyu shiru. Jiya da dare saƙon murya ya shigo, minti huɗu.

Ta fara da gyara. Ta ce ba a soya gyaɗa a irin kaskon da na yanka, nawa na tuyar masa ne, mai gurabu, na gyaɗa buɗaɗɗe ne da rairayi a ciki. Ta ce liman ba ya shiga gidan mace shi kaɗai, in sa masa almajiri a gefe. Duk biyun ta yi gaskiya.

Sannan ta yi shiru har na ɗauka saƙon ya yanke. Ta ce, "Ke 'yar nan, ɗankwalin nan shuɗi, na gane shi." Ta ce tsohuwar ta rasu ina aji biyu na sakandare, ina makarantar kwana, shi ya sa ban sani ba. Mata uku ne kawai suka shiga yi mata wanka, ita ce ta ukun, kuma sai da ta ɓoye wa kakata. Ta ce ranar da aka fito da ita tana tsaye a bayan ƙyaure tana gani, da goyon ƙanena a bayanta, ba ta ce komai ba. Magen kuwa bayan rasuwar ta yi ta yawo a layin, kowa na kora, ita takan ajiye mata ɗan tuwo a bayan randa. Ta ce in an buga in aiko mata da guda biyar, akwai gidajen da take son ta kai da kanta.

Abin da ya rage: sabon kasko a buɗi na farko da na ƙarshe, almajiri kusa da liman, raba zuwan mai ɗan akuya da na liman ko da zan matse shafin sadaukarwa, matsar da wutsiya daga tsakiyar ɗinki. Na tambayi farashin kwafi 50 a takarda mai kauri wadda hannun yaro ba zai yaga da wuri ba, ina jiran amsa ranar Talata. Akwai mai tafiya Kano a ƙarshen watan Mayu, ina so na Inna su bi shi. Baƙar shaddar ta kusa ƙarewa, saura abin da bai fi tafin hannu ba, kuma ina bukatar kyanwa biyu.